Katin da Ka Wanke a Aljihun Wando

Dubeli, Jimeta.
Asabar da rana.

Ɗana Ishaku,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya a gidan goggonka a Rumde, tunda gidan ubanka ya yi maka zafi. Ka gaishe ta, ka ce na gode da ta riƙe mini kai kwana tara. Allah ya tsare ka a hanyar da za ka kama ranar Litinin, ya kiyaye motar da direbanta, ya sa ku wuce kowane shinge lafiya.

Na san halinka. Kafin ka karanta layin farko ka riga ka zazzage ambulan ɗin nan ka ga ko takardar shaidar tabbatarwarka tana ciki. Ba ta ciki. Daina girgiza shi. Na sani sarai cewa makarantar tauhidi ba za ta rubuta sunanka ba sai ka nuna shaidar cewa bishof ya ɗora maka hannu, na kuma san cewa in Litinin ta wuce sai baɗi. Zauna ka karanta har ƙarshe, ko da yake ban taɓa ganin ka karanta wani abu har ƙarshe ba.

Shekara goma katin nan yana cikin akwatina, ko kusurwarsa ba ta lanƙwashe ba. Ka karɓa ranar Talata za ka yi fotokwafi. Ranar Laraba ka jiƙa wandon da shi a aljihu, ka cuɗa, ka matse, ka shanya. Sai ga ka a gabana da wani abu a tafin hannu kamar dusar da kaza ta ƙi, kana cewa, "Baba, in an goge shi da dutsen guga fa?" Mutumin da zai riƙe rayukan jama'a ke nan! Da na ce dokar ikilisiya ba ta yarda in rubuta maka sabo haka kawai ba, sai ka ce ni sakataren coci ne kafin in zama ubanka, ka ɗauki jaka. Na rubuta maganar a dayarina yadda ka faɗe ta. Na karanta ta sau da yawa ina neman inda ka yi ƙarya. Ban samu ba tukuna, amma rashin kunya ce duk da haka.

Mamarka ba ta bar ni na huta ba. Ina cin tuwo take tsaya mini a kai.

"Baban Ishaku, kai ka haife shi, kai ka sayo farin yadin da ya sa ranar, kana tsaye aka ɗora masa hannu. Wace shaida kake nema kuma?"

Na ce doka ta ce in kati ya ɓace a duba rajista. In rajista babu, sai wanda aka tabbatar da su rana ɗaya ya zo da nasa katin ya sa hannu. Dangi ba sa shaida.

"Wa ya rubuta dokar?"

Na ce ni.

"To, Allah ya ba ka lafiya," in ji ta, ta ɗauke miyar tun ban gama ba.

Bari in fara da rajistar, don ba ka san dalilin da ya sa babu ita ba. Na gaya maka ruwa ya ci ta, shekarar da ambaliya ta shiga ofishin coci. Gaskiya ne. Abin da ban gaya maka ba shi ne ni na ajiye ta a ƙasa. Na jera littattafan bisa ga shekaru, tsofaffi a sama, sababbi a ƙasa, don ya yi kyan gani. Mai shara ta ce mini, "Sakatare, ruwa yana shiga nan fa." Na ce mata tsari tsari ne. Saboda haka ranar da nake yi maka tsawa a kan kati ɗaya, mutumin da ya jiƙa sunayen ikilisiya guda ne yake tsawar. In ka zama Rabaran, wanda yake share ɗaki ya fi ka sanin inda yake yoyo. Ka saurare shi. Kuma kafin ka ɗaga murya a kan sakacin wani, ka ɗan leƙa naka.

Akwai wani abin da mamarka kaɗai ta sani. Makarantar nan da kake yi mini taƙama da ita, na riga ka zuwa ƙofarta. Ina da shekara ashirin da ɗaya na je ganawar shiga. Na haddace tarihinta kamar karatun jarrabawa: yadda aka fara ta don horar da katikis, wato masu koyarwa a cocin ƙauye inda babu Rabaran, yadda daga baya aka fara horar da limamai, sunayen shugabanninta a jere. Na shiga da taye a wuya. Na tarar da wani tsoho da ƙasar gona a ƙafarsa, na ɗauka mai gadi ne, ashe shi ne shugaban. Bai tambaye ni tarihi ko ɗaya ba. Ya ce, "An tura ka ƙauye. Ka isa da rana tsaka, ka tarar da tsohuwa zaune a ƙofar coci, ba ka san ta ba, ba ka jin yarenta. Me za ka fara yi?"

Na ce zan nemi sunanta in rubuta.

Ya dube ni ya ce, "Ba za ka ba ta ruwa ba?"

Sauran malaman suka yi dariya. Aka ce in dawo baɗi. Ban koma ba. Na ce wa mutane aikin gwamnati ne ya fi mini, na rubuta a dayari cewa tambayar ba ta cikin abin da aka ce mu shirya. Har yau ina ganin ba ta ciki. Amma da na koma. In suka yi maka dariya a wurin nan, kuma za su yi, don na ji irin Turancin da kake yi wa madubi da wayarka a hannu kana gwada wa'azi, ka tsaya. Kunya ba ta kashe mutum. Ni na gudu daga kunyar rana ɗaya, na zo na yi wadda ta fi ta.

Kana da shekara goma sha uku lokacin da mutanen Mubi da Michika suka gudo daga hari suka cika garin nan. Za ka tuna motocin yashi cike da mutane, da tabarmi a harabar coci har bakin rijiya. Abin da ba za ka tuna ba shi ne tsoron da muke ciki. Kullum ana cewa an ga baƙon fuska da jaka. Kwamiti ya zauna, ni na kawo shawarar cewa tunda wuri ya cika, mu fara da namu, kuma namu shi ne wanda ya nuna kati. Kowa ya ce madalla, don kowa yana son wani ya tsaya a ƙofa ba shi ba. Na sa tebur da kujera a bakin get.

Rana ta uku wata mata ta iso. Takalmi ɗaya a ƙafarta, ɗayar ƙafar ta kumbura kamar gora. Da kwano a kanta, da jikoki biyu riƙe da zaninta. Ka san ta. Maman Tizhe ce, wadda take zama a benci na uku, wadda take jan waƙa a zumuntar mata. A lokacin ban san ta ba.

Na ce, "Mama, kati."

Ta ce, "Ɗana, kati ya ƙone da gida. Mijina katikis ne."

Na ce, "Ina mijin?"

Ta ce, "Ya tsaya kulle coci."

Ishaku, bai taɓa isowa ba. Har yau ba wanda ya ga kabarinsa. Ni kuwa na ce mata ta koma gefe tukuna, in gama da masu kati. Ta koma gefen. Akwai randa a bayana, da moɗa a kai. Jiya na duba abin da na rubuta a dayari ranar nan don in tabbata ba ƙari nake yi wa kaina ba. Abin da na rubuta shi ne: "Mace ɗaya da yara biyu, ba kati. An ce ta jira." An ce! Kamar wani ne ya ce. Da na ɗaga kai wajen la'asar, ba ta nan.

Bappa Hammadu tela, wanda shagonsa yake kallon get ɗinmu, shi ya tsallako ya tafi da ita. Matarsa ta gasa mata ƙafa, suka ba ta ɗaki. Wata huɗu tana gidansu. Washegari ya tsaya a bakin shago da tef a wuya ya ɗaga mini murya, duk layi na ji.

"Sakatare! Baƙuwarku tana wurina. In kun gama rubutun ku zo ku ɗauka!"

Na ce masa ana kan tsari.

"To boɗɗum, da kyau. Allah ya ƙara tawada."

Kowace Lahadi shi yake leƙa mata ya ce, "Dada, sun buga ƙararrawarku, tashi." Mutumin da bai taɓa taka cikin coci ba. Ba ina cewa tsoronmu ƙarya ba ne. An kashe mutane a garin nan, kuma dole a tsare ƙofa. In aka ba ka ikilisiya a wurin da ake tsoro, ka sa a bincika jaka, ka sa a duba mota. Amma mai ƙafa a kumbure ka ba shi wurin zama da ruwa, ka yi binciken yana zaune. Ba sai ka zaɓi ɗaya ba. Ni na ɗauka sai an zaɓa.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Bayan abubuwa sun lafa ta fara zuwa sujada, ranar jibi, wato cin Jibin Ubangiji, ta tashi ta bi layi. Ni na tare ta a tsakiyar hanya, a hankali, da ladabi, na ce ba kati ba jibi. Muka je wurin Rabaran na lokacin. Yaro ne sabon fitowa daga makarantar nan taku, kwalarsa ko datti ba ta fara yi ba. Na ga a fuskarsa ya san abin da ya kamata. Ya dube ta, ya dube ni da fayil a hammata, ya ce, "Yadda Sakatare ya ce." Shi ke nan. Aka sa matar da ta yi shekara talatin tana cin jibi ta shiga ajin tabbatarwa da yara.

Wannan ita ce shawarar da ta fi mini wuyar rubutawa. Duk ikilisiyar da aka tura ka, za ka tarar da irina. Ya girme ka, ya san inda kowace takarda take, ya binne limamai uku da bakinsa, ba ya sata, ba ya makara. Za ka ji tsoronsa. Ka girmama shi, ka bar masa makullin ofis. Amma ranar da ya tare tsohuwa a hanyar bagade, ka ce masa a'a a gaban kowa. Ba a kai ka makaranta shekara uku don ka zo ka ce "yadda Sakatare ya ce" ba. Da yaron nan ya ce mini a'a, da na yi fushi mako biyu, da na rubuta shafi huɗu a kansa, da kuma yau ina sa masa albarka.

Yanzu ka gane inda maganar ta nufa, in kana karantawa ba tsallake kake yi ba. Ajin da ta shiga naku ne. Wata shida tana zaune kusa da kai a kan bencin yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, tana raɗa maka amsa in an tambaye ka kana kallon taga. Ranar da bishof ya zo, ita ce ta durƙusa a damanka. Sauran 'yan ajinku sun watse. Ɗaya yana soja, 'yan matan sun yi aure a Jalingo da Numan, wanda na samu a waya ya ce shi ma bai san inda nasa katin yake ba. Tun ranar da ka kawo mini dusar nan na san mutum ɗaya ne a Jimeta zai iya cika dokata. Mako guda ina gaya maka ana kan bincike. Ba binciken da nake yi. Na kasa zuwa ne in ce mata, "Mama, ɗana ba shi da kati."

Mamarka ce ta kwance ni, ba da shawarata ba. Ta faɗa a wurin koyon waƙa, a gaban mata duka, wai addu'a take roƙo. Ranar Alhamis ina ofishin coci sai na ji sanda a bakin ƙofa.

"Salama. Sakatare, an ce yaronmu ba shi da kati."

Na miƙe har kujera ta faɗi. Na ce ta zauna. Na kawo mata ruwa, Ishaku, da hannu biyu, har ya zube a kan fayil. Ta sha, ta dubi kofin, ta ajiye.

Ta kwance bakin zani ta fito da leda. Cikin ledar wata leda, cikin wannan kuma wata. Ga katin, sabo fil, da rubutun hannuna a kai.

"Tun ranar nan ban sake yawo ba kati ba," in ji ta. "Ko bayan gida da shi nake zuwa. Wa ya sani, ko a can ma akwai sakatare."

Ta yi dariya har da tari. Ni na tsaya ina gyara biro.

Ta tambayi wace makaranta za ka, na faɗa mata. Sai ta ajiye sandar. Ashe a can aka horar da mijinta, ita ma ta yi shekara biyu a wurin, a ajin matan ɗalibai. Na yi shekara ashirin da biyar da tarihin wurin nan a kaina, amma ban taɓa jin wanda ta ba ni ba. Ta ce ɗakunan laka ne, ɗalibai su suke yaɓe su da kansu kafin damina. Kowa da kunyarsa a gona, da safe karatu, da yamma fartanya, wanda gonarsa ta yi ciyawa ba a barinsa ya hau wa'azi ranar Lahadi. Su mata aka koya musu karatu da rubutu, da yadda ake karɓar haihuwa, da yadda ake wanke gawa in dangi sun gudu. Ranar sallama ana ba mutum keke da littafin addu'a, a faɗa masa sunan ƙauyen da ba wanda yake son zuwa.

"Shugaban ya ce musu, ku ne na ƙarshen fita daga gari," in ji ta. "Shi kuma Baban Tizhe, kunnen ƙashi, ya ɗauka da gaske."

Na ce yanzu an yi gine-gine, har da ɗakin kwamfuta.

"Da kyau. Yaron ya iya noma?"

Na ce ko wandonsa bai iya wankewa ba.

"Zai koya. Yana da kirki. Shi yake ɗauka mini benci a aji, kai ba ka sani ba, kana rubutu."

Wannan ba ya cikin dayarina. Na duba.

Ka ji abin da aka kafa wurin don shi. Ban hana ka son farar kwala ba, ban hana ka Turanci ba. Amma ina jin ka kana gaya wa abokanka wai in ka gama a babban coci na cikin gari za a ajiye ka, da lasifika da mota. Wataƙila. Wataƙila kuma a tura ka inda aka ƙone, inda rabin ikilisiya gwauraye ne, ba mai kati ko ɗaya. Ka koyi wa'azi da Hausar da tsohuwa za ta gane. Ka koyi gaisuwa da yaren duk inda ka je. Kuma ba na ce ka tsaya kulle coci ba, ka ji ni da kyau. Ni ubanka ne, in an shigo gari ka kwashi mutanenka ku gudu tare. Ban sani ba ko wannan shawara ce ta bangaskiya. Na goge ta sau biyu na sake rubutawa.

Ta sa hannu a takardar, harafi ɗaya bayan ɗaya, da rubutun da aka koya mata a can. Na cike sauran, Rabaran ya buga hatimi jiya da safe. Ina miƙa hannu in sa a ambulan sai ta riga ni, don ta dawo ta zauna tana jira. Ta ninke ta, ta sa a ledar ciki, ta ɗaure bakin zani.

"Yaron ya zo ya karɓa da kansa, in sa masa albarka. Kai ma ka zo, Sakatare. Akwai magana a bakinka shekara goma, kullum Lahadi ina ganin kana tauna ta. Na gaji da kallo. Ka zo ka tofar, mu huta."

Na buɗe baki a nan take. Abin da ya fito shi ne wai bana ruwa ya yi yawa. Ta ce i, ya yi yawa, ta ɗauki sandarta. Bappa Hammadu yana bakin shago, ya ga fitarta, ya ce, "Dada, ya ba ki wurin zama yau?" Ta ce, "Har da ruwa." Ya ce, "Allahu akbar, ilimi ya zo gari."

To, ga inda takardarka take. Gobe bayan sujada ta biyu, a gidan da take haya bayan shagon Bappa. Ba zan aiko maka da ita ba, don ba ta hannuna, kuma ba zan iya zuwa ni kaɗai ba. Na gwada jiya da yamma, na kai bakin lungun na wuce kamar mai neman keke. Na rubuta abin da zan faɗa mata a takarda, layi uku, mamarka ta gani ta yaga, ta ce in faɗa da bakina. Ka zo ka tsaya kusa da ni. In na fara maganar ruwan sama, ka taka mini ƙafa. Kai za ka zama limami, ka fara da ubanka.

Kada ka makara, Ishaku. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na ce, ba sha biyu ba. Ka sa riga mai hannu. Daga can mu wuce gida ka ci abinci, mamarka ta daka maka yaji da ƙuli na tafiya, ta kuma ce in gaya maka ba da ita kake faɗa ba.

Ubangiji ya kai ka lafiya, ya tsare fitarka da shigarka, ya ba ka malaman da za su yi maka dariya su kuma riƙe ka. Ya kiyaye ka daga mugun mutum a hanya, da kuma mutumin kirki mai fayil. Ya dawo mana da kai da ranka.

Ni ne ubanka,
Baban Ishaku.

Na sa leda uku a cikin ambulan ɗin. Su ne suka faɗo lokacin da ka zazzage. Ka ɗauke su daga ƙasa, ka zo da su gobe.